Tsohon Cikin Faifai

Malam Kunne na tsakiyar matakala, rungume da garmahonsa kamar mai ɗauke da jinjiri, sai Injiniya ya leƙo daga sama.

"Baƙonka ya iso. Ko in ce baƙuwarka."

"Baƙuwa kuma?"

"Hau dai ka gani. Saura minti ashirin da biyar."

Shekara goma sha tara ke nan, duk Asabar kafin ƙarfe huɗu na yamma, yake rufe shagonsa na gyaran agogo ya hau wannan matakalar don gabatar da shirinsa na fayafayan rok da buluz. Masu sauraro ne suka laƙaba masa Kunne, domin in ya ce faifai ya yi, to ya yi, in kuwa ya ce a ajiye shi a riƙa ɗora kofin shayi a kai, mai shagon fayafayai ma yakan mayar da shi can ƙasan kanta. Amma sabon Manajan gidan rediyon ya sa ido a kan awar nan. Hirar ƙwallo yake son sakawa. Wata ɗaya ya ba shi ya nuna cewa akwai masu saurare, kuma yau ce Asabar ta ƙarshe.

Abin da ya rage masa shi ne tsohon. Makon jiya ya sa wani faifai da aka aiko ta gidan waya, muryar wani dattijo mai kauri, tana jan kalmomi kamar mai jan buhu a ƙasa. Wayar gidan rediyon ba ta huta ba har Laraba. Manaja ya kira shi ofis ya ce, "Kawo min tsohon nan situdiyo ranar Asabar. In hirar ta yi armashi, awarka ce." Injiniya ya tura saƙon gayyata zuwa lambar da ke jikin ambulan, aka amsa da kalma biyu: zan zo.

A ɗakin jira mutum ɗaya ce zaune. Budurwa ce da ba ta wuce ashirin da shida ba, sanye da farar rigar ma'aikatan kantin magani, jakar jita a tsakanin gwiwoyinta. Ta miƙe ta ɗan rusuna.

"Ina wuni, Baba."

"Lafiya lau, 'yata. Sannu da hanya. Mahaifin naki yana tafe?"

"Wane mahaifin?"

"Mai waƙar."

"Ni ce mai waƙar."

Ya yi 'yar dariya, ya ajiye garmahon a kan tebur. "Na gane, ke ce mai jitar. Hannunki yana da kyau. Mai muryar nake nufi."

Ba ta yi dariya ba. Ta zuge jaka ta zaro nata faifan, cikin kwalinsa mai launi, ta fito da shi ta miƙa masa, yatsarta a kan takardar tsakiya. Lamba ce a buge, baƙa ƙirin, ba ƙarama ba: 45.

Ya ƙura wa lambar ido.

Ya buɗe jakarsa ya ciro nasa daga farar takardar da yake ciki. Tsakiyarsa a liƙe take da baƙin salatif. Haka yake yi tun ranar da ya fara shirin: matarsa ce ke buɗe duk faifan da ya zo, ta ɓoye kwalin, ta rufe rubutun tsakiya, don kada suna ko hoto ya yi masa raɗa kafin ya yanke hukunci. Ya sha faɗa wa masu sauraro cewa kunne ba ya karatu. Ya sa farce ya ɓare salatif ɗin a hankali. Lambar tana nan zaune, kamar mako guda take jiran sa.

Kowa a harkar nan ya san ƙa'idar: babban faifai gudu talatin da uku, ƙarami arba'in da biyar. Wannan babba ne. Ko kallon maɓallin gudun bai yi ba, ya bar shi a talatin da uku.

"Mai buga faifan ne ya ce sauti ya fi fita a arba'in da biyar," in ji ta. "Waƙa huɗu ce kawai, ta shiga. Rok muke yi, Baba. Ni da yayana mai ganga da wani abokinsa. Ina bayan kanta ina ƙirga wa wata mata ƙwayoyin hawan jini na ji ka sa mu. Sai da aka yi rabin waƙa na gane jitata."

"Innalillahi," in ji Injiniya daga bakin ƙofa. Ya toshe baki da hannu, kafaɗunsa na rawa.

"Na haddace abin da ka ce," ta ci gaba, ta sauke murya tana kwaikwayonsa. "'Wannan murya ce ta mutumin da ya raka abokansa kaf makwancinsu ya dawo gida shi kaɗai. Ban ji buluz irin wannan ba cikin shekara goma. Yaran nan masu rok, masu dukan jita kamar ta yi musu laifi, su zo su zauna a ƙasa su koya.'" Ta ɗaga gira. "To ga ni, Baba. Na zo zama a ƙasa."

Malam Kunne ya lalubi kujera ya zauna.

"Wa ya sani?"

"Mu uku. Sai wanda ya saya ya karanta tsakiyar, kuma da alama ba mai karantawa. Wanda ya sa daidai ma komawa shago yake yi ya ce an ba shi wani daban. Mai shagon ya gaji, yanzu da kansa yake ce musu su sa a talatin da uku. Wata takwas fayafayan nan suna ƙarƙashin gadon Yaya. Ran Alhamis suka ƙare."

"Saura minti goma sha takwas," Injiniya ya ce, yana share hawayen dariya. "Malam, sau nawa na ce ka bar ni in riƙa ɗaukar su a kwamfuta? Ka ce hannuna ba shi da ladabi."

"Ba yanzu ba, don Allah."

"Yaya ya aiko ni da magana," in ji budurwar. "Ya ce in ce tsohon mahaifinmu ne, yana kwance ba lafiya, ba ya son jama'a. In ba da haƙuri, in ɗan kaɗa jita, kowa ya tafi gida da mutuncinsa. Kai da shirinka, mu da kasuwarmu."

"Wallahi yaron nan yana da kai," Injiniya ya ce. "Malam, karɓi. Bayan wata uku a ce tsoho ya rasu, mu yi masa shiri na musamman."

Malam Kunne ya dube ta. "Ke fa? Abin da za ki ce ke nan?"

"Ban sani ba tukuna." Ta mayar da faifanta cikin kwali. "Shekara shida ina waƙa a wuraren da mutane suka fi sauraron cokulansu. Ranar farko da aka yabi muryata a rediyo, sai da aka mai da ni namiji aka ƙara min shekara hamsin. Tun daga tashar mota nake tambayar kaina."

Ƙofa ta buɗe. Manaja ya shigo da ƙamshin turarensa, waya biyu a hannu ɗaya.

"Malam Kunne! Ina tsohon namu? Ina son hoto da shi kafin a shiga."

"Yana… yana tare da mu, ranka ya daɗe."

Manaja ya duba ɗakin, ya duba budurwar. "Jikarsa ce?"

Ɗaya daga cikin wayoyin ta yi ƙara, ya kara a kunne, ya nuna Malam Kunne da ɗayar. "Ina bayan gilashi yau. Da kaina zan gani." Ya fita yana magana.

Situdiyon ɗan ƙaramin ɗaki ne mai bango liƙe da soso, tebur ɗaya, makirufo biyu. Malam Kunne ya haɗa wayoyin garmahon. Ya so ya sa faifan a gudunsa na gaskiya ko na minti ɗaya ne, ya ji abin da ya yi wa shaidar zur, amma mai karanta labarai bai bar kujerar ba sai da ya rage daƙiƙa arba'in. Budurwar ta zauna a gabansa ta sa hedifon a kunne. Ta cikin gilashi Injiniya ya ɗaga yatsu uku, biyu, ɗaya. Jar fitila ta kama.

"Masu sauraro, barkanmu da yamma. Kunne ke magana."

Muryarsa ta fito daidai, ya yi mamaki. Maimakon ya shiga maganar baƙo, sai ya jawo wani faifai daga jaka, na wasu turawa masu rok da aka ɗauka a dandali, ya sa minti biyu ya ɗaga allura.

"Kun ji tafin nan? Ku sake saurare. Akwai wata mata da ke fito a ƙarshen kowace waƙa, fito iri ɗaya, tsawo ɗaya. Ko dai baiwar Allahn nan inji ce, ko kuma a situdiyo aka manna tafin. Mai jitar kuma ya san hanya, ba a musu, amma bai san birki ba. Minti tara yana magana shi kaɗai. Ni a wurina jitar da ba ta iya yin shiru ba ba ta gama koyon magana ba. Gefe na biyu kuwa, wanda a nan ake gane masu gaskiya, waƙa uku ce a ciki, biyu cikon wuri ne."

Yana magana yana satar kallon agogo. Minti bakwai ya ci. Ya jawo wani, na wata mata mai buluz da fiyano, ya yabi yadda take barin fili tsakanin sauti da sauti, ya ce wannan faifan na ranar da aka yi baƙi suka tafi ne, gida ya yi tsit. Ya ci wasu shida. Fitilun layin waya huɗu duk suna ƙiftawa. Manaja ya matso jikin gilashi, ya ƙwanƙwasa agogon hannunsa, ya buɗe tafin hannu: ina yake?

Injiniya ya sako kira ba tare da an ce ya sako ba.

"Malam Kunne, direban babbar mota ne. Na faka a gefen hanya tun ƙarfe huɗu saura. Ka bar mu da turawan nan haka. Ina Baba tsoho?"

"Yanzu kuwa, direba. Yanzu."

Ya ɗora faifan tsohon a kan garmaho. Bai sauke allura ba.

"Makon jiya na sa muku wata murya. Yau a gabana akwai wadda ta zo… daga gidan da muryar ta fito. 'Yata, bismillah."

Ta matso da bakinta kusa da makirufo. Ta dube shi, ta dubi furfurar da zufa ta jiƙa a gefen hularsa, ta dubi Manaja. Sai ta sunkuyar da kai.

"Barkanku da yamma. Baba ya ce in ba ku haƙuri. Kwana biyu jikin nasa…"

Numfashinta ya ɗan sarƙe kafin kalma ta gaba, wata 'yar karyewa a maƙogwaro. Malam Kunne ya san ta. Sau goma sha ɗaya ya ji ta a waƙa ta uku, a shagonsa, bayan ya kulle ƙofa. Ita ce ta sa ya ce mutumin ya binne abokansa. Ga ta nan a gabansa, a bakin yarinyar da ke shirin binne kanta don ta rufa masa asiri.

"Dakata, 'yata."

Injiniya ya dafe kai da hannu biyu.

"Masu sauraro, babu wani Baba. Ku kasa kunne, zan nuna muku abu."

Ya sauke allura. Ƙarar ƙura ta ɗan yi tas-tas, sannan ganga mai nauyi ta shigo, jita na bin ta a gajiye, tsohon ya buɗe baki. Ya bar shi ya yi layi biyu. Sai ya sa yatsa ya tura maɓallin zuwa arba'in da biyar.

Sautin ya miƙe kamar mota ta hau kwalta. Ganga ta zabura, jita ta kaifafa, kuma a tsakiyar kalma ɗaya tsohon ya tashi ya koma mace, murya mai ɗan dishi-dishi, mai fushi, mai gudu. Ta cikin gilashi Manaja ya saki baki, wayarsa ɗaya ta zame ta faɗi kan tebur.

Malam Kunne ya bar waƙar ta kai ƙarshe. Shi ma yanzu yake jin ta.

"Wannan shi ne faifan," ya ce. "A gudu arba'in da biyar aka buga shi, an kuma rubuta a jiki. Ni na rufe rubutun da hannun matata, na sa a talatin da uku, na zo nan na yi muku wa'azi a kai. Tsohon da kuka yi mako kuna nema ni na ƙera shi. Mai waƙar ga ta nan, ita ce mai jitar kuma. Laifin ba nata ba ne, ba na Injiniya ba ne."

Shiru ya ratsa, irin wanda ake korar mutum daga aiki a kansa a rediyo. Budurwar ce ta cike shi.

"To Baba, tunda an zo nan. Har yanzu ba ka ji irinsa ba cikin shekara goma?"

Ya dube ta. Idonta a tsaye yake, ba wasa a ciki.

"A'a. Na ji irinsa da yawa."

"To."

"Na farko, wannan ba buluz ba ne, rok ne. Na biyu, mai gangarku yana gudu kamar an biyo shi. A talatin da uku aibinsa ya ɓuya, har na ce yana da natsuwa. Allah ya yafe min."

"Yayana ne fa, kuma yana saurare."

"Ya saurara da kyau. Na uku, jitarki tana da abin faɗa amma tana tsoron kada a katse ta, sai ta faɗi komai a numfashi ɗaya."

"Ba tsoro ba ne. In ka saba waƙa a inda ba a saurare, dole ka yi sauri kafin a kashe maka lasifika."

"Nan ba a kashe miki ba. Bari mu juya, mu ji ta uku."

Ya juya faifan. Waƙa ta uku ta zo da gudunta, kuma da aka iso wurin karyewar nan, sai ta wuce kamar ƙiftawar ido. Amma tana nan. Ya ɗaga allura ya mayar baya, ya sake sa wurin, abin da bai taɓa yi a shirin ba.

"Kun ji? Wannan ba maɓalli ne ya yi shi ba. Ana iya rage wa faifai gudu, ba a iya saka masa wannan. Hukuncina: albam ne na farko, rabinsa gaggawa ce, amma ku saya saboda daƙiƙa huɗun nan. Na biyunsu nake jira."

Injiniya ya buɗe layuka, aka yi masa ca.

"Malam, kai ba mai gyaran agogo ba ne? Ashe shi ya sa nawa yake latti tun da na karɓo!"

"Malam Kunne, ni kuka na yi wa tsohon nan ran Asabar, har maigidana ya tambaye ni wa ya rasu. Wa zai mayar min da hawayena?"

"Daga yau sunanka Malam Kunne Ɗaya!"

Direban ya sake samun layi. "Ni dai ban yarda ba. 'Yata, ki yi haƙuri, Allah ya yi miki albarka, amma ni a talatin da uku zan ci gaba da ji. Tsohon nan ya raka ni hanya."

Ya amsa kowanne, ya haɗiye abin haɗiyewa. Wata yarinya ta kira ta tambayi mai jitar inda ake koyo. Kafin a ankara Injiniya ya zagaya yatsa a iska, jar fitila ta mutu.

Manaja na tsaye a baranda lokacin da suka fito. Fuskarsa ba ta nuna komai ba.

"Ka san abin da ka yi wa sunan gidan nan?"

"Na sani, ranka ya daɗe. Zan kwashe kayana."

"Kira tamanin da huɗu. Ranar wasan ƙarshe na ƙwallo ma ba mu samu haka ba." Ya juya waya a hannu. "Awarka tana nan, da sharaɗi. Duk mako za ka sa faifai a gudun da ba nasa ba, jama'a su kira su canka, su kuma ɗan taɓa ka. Abin da suke so ke nan. Minti ashirin."

Malam Kunne ya ji abin har cikin haƙoransa. Shekara goma sha tara yana koya wa mutane zama su saurara, yau an ba shi rigar ɗan wasa. Ya dubi ƙofar situdiyon.

"Minti biyar."

"Sha biyar."

"Bakwai, a ƙarshen shiri. Kuma duk faifan da aka yi wasa da shi, sai an sa shi daidai daga farko har ƙarshe."

"Goma."

"Bakwai, ranka ya daɗe."

Manaja ya yi tsaki, ya kara waya a kunne. "Bakwai. Kada ka makara."

A ƙasan matakala ya same ta tsaye, jita a baya, waya na ruri a hannunta. Ta nuna masa fuskar wayar. Yaya, kira na tara.

"Zai cinye ni ɗanya," ta ce. "Baba, tsakaninka da Allah, ba makirufo yanzu. Wanne ya fi?"

Ya gyara rungumar garmahon. Ya so ya yi mata kara, ya ga ba irin wadda ake yi wa ba ce.

"Tsohon."

Ta gyaɗa kai a hankali. "Ta uku, ko?"

"Ta uku."

"Ni ma tun ranar ban iya jin ta a arba'in da biyar ba."

Wayar ta sake ɗaukar ruri. Ta danna, ta nisanta ta da kunne har ihun ya ɗan lafa.

"Yaya, ka ajiye faɗan sai na iso. Gobe ka zo da wuri da sandunan gangarka. Za mu rage gudu."